Yadda ake haɗa kayan doguwar tafiya a mota da ƙananan yara

A ƙarshen watan azumi, da jajibirin Babbar Sallah, da hutun ƙarshen shekara, manyan hanyoyin Najeriya kan cika da motocin iyalai masu zuwa ganin gida. Wasu daga Legas suke tasowa su nufi Kano, tafiyar da ta kai kusan kilomita 1,000 ta Ilorin da Jebba da Mokwa, ta kuma haura haka idan aka bi ta Okene da Lokoja da Abuja. Wasu daga Abuja suke kama hanyar Kaduna da Zariya zuwa Kano, kilomita 400 da 'yan kai. Wasu kuma daga Kano suke bin Wudil da Azare da Potiskum da Damaturu zuwa Maiduguri, kusan kilomita 600.

Babba yana iya jure irin wannan tafiya da ruwa kaɗan da haƙuri. Yaro ɗan shekara biyu ba ya iyawa. Jikinsa yana saurin rasa ruwa, yana saurin ɗaukar zafi, ba ya iya riƙe fitsari har a kai gari na gaba, ba ya kuma iya kare kansa idan direba ya taka birki da ƙarfi. Saboda haka shirin kayan iyali mai ƙananan yara yana da ƙa'ida guda: a fara ware wa kowane yaro mazauninsa, sa'an nan a jera kaya gwargwadon lokacin da za a buƙace su a hanya. Abin da ya rage na fili shi ne rabon tsaraba.

Mazaunin yaro kafin kaya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗurran hanya kowace shekara, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Hukumar ta kuma bayyana cewa kujerar mota ta musamman ta yara tana iya rage mutuwar jarirai a haɗari da kashi 71 cikin 100.

Dalilin a fili yake. Idan mota tana gudun kilomita 50 a sa'a ta daki wani abu ta tsaya cak, duk abin da ba a ɗaure ba yana ci gaba da tafiya da wannan gudun. Yaro mai nauyin kilo 10 da ke kan cinyar mahaifiyarsa kan fizge da ƙarfin da ya kai nauyin buhun hatsi biyu ko uku, kuma babu hannun da zai riƙe shi. Haka nan ɗaure uwa da ɗa da bel guda yana sa nauyin uwar ya danne yaron. Goyo a baya cikin mota shi ma yana jefa jariri tsakanin jikin uwa da kujera.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana umartar a zaunar da yara 'yan ƙasa da shekara 12 a kujerar baya. Jariri yana zama a kujerarsa ta musamman, fuskarsa na kallon bayan mota, kuma ba a ɗora irin wannan kujera a gaba inda jakar iska ke iya fashewa ta buge shi. Yaron da ya fi ƙarfin kujerar jarirai yana buƙatar matashin ƙarin tsawo domin bel ya bi ta kafaɗarsa da ƙugunsa maimakon wuya da ciki. A Birtaniya doka ta wajabta wannan har yaro ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135. Kafin a tashi, a kunna ɗan makullin yara da ke gefen ƙofofin baya, wanda ke hana buɗe ƙofa daga ciki, a kuma kulle gilasai daga wajen direba.

Iyalin da za su shiga motar haya daga tasha su ma wannan ƙa'ida ta shafe su. Biyan kuɗin kujera ɗaya domin yara ya fi a ɗora biyu a cinya ɗaya na tsawon sa'a goma. A tabbatar an rubuta sunan kowa, har da yara, a takardar fasinjoji tare da lambar wani ɗan uwa.

Kaya kashi uku

Hanya mafi sauƙi ita ce a raba kayan gaba ɗaya kashi uku tun a ɗaki. Kashi na farko jakar hannu ce, wadda ke zama a ƙafar mahaifiya ko wanda ke kula da yara, ana iya buɗe ta mota na tafiya. Kashi na biyu jakar zango ce, wadda ake buɗewa idan an tsaya, don haka ita ake sakawa ƙarshe a bakin but. Kashi na uku kayan masauki ne, wato akwatunan tufafi da kayan Sallah da tsaraba, waɗanda ba za a taɓa su ba sai an isa.

Yawan wahalar da ake sha a hanya daga cakuɗa waɗannan ukun take tasowa. Yaro ya yi amai a tsakanin Tafa da Kateri, rigar canjinsa kuwa tana ƙarƙashin buhun shinkafa, sai a tsaya a gefen daji ana sauke kaya, a inda bai dace a tsaya ba.

Jakar hannu

A cikinta ake sa famfas ko kunzugu da zai kai yini guda, a ƙara biyu ko uku saboda cunkoso ko lalacewar mota. A haɗa da tsumman goge jiki, da ƙaramin tawul, da sabulu ko man tsabtace hannu, da ledoji masu kauri domin amai da ƙazantattun kaya. Kowane yaro a sa masa kayan canji cikakku guda ɗaya a ledarsa daban, domin a ciro ba tare da an birkice jaka ba. Ita ma mahaifiya tana buƙatar riga ko mayafin canji, tunda abin da ya ɓata yaro yakan ɓata mai riƙe da shi.

Zani biyu suna da amfani fiye da girmansu. Ana shimfiɗa ɗaya a canza wa jariri kunzugu, ana rataya ɗaya a gilashi ya tare rana, ana lulluɓa wa mai barci, ana kuma yin goyo da shi idan an sauka. Kwalbar ruwa mai murfi ga kowane yaro da ɗan abin taɓawa su ma a nan suke zama.

Jakar zango

Wannan ita ce ta buta da fo na yara da darduma da tabarma ƙarama da silifas da tocila. A ware jarkar ruwan wanke hannu da tsarki da alwala daban da ruwan sha, domin ba kowane gidan mai ba ne ke da ruwa a banɗakinsa. Idan akwai yiwuwar kwana a hanya, kamar yadda masu tasowa daga Legas kan yada zango a Ilorin ko Lokoja ko Abuja, a sa kayan barci da buroshi da kayan sawa na gobe a nan, domin kada a sauke manyan akwatuna a masauki. Gidan sauro mai magani ya shiga wannan jaka ko da kwana ɗaya za a yi, domin cizon dare guda ya isa ya jawo zazzaɓin cizon sauro.

Ruwa da guzuri

Jaririn da bai kai wata shida ba nonon uwa ya wadace shi, ko da a tsananin zafi, ba a ba shi ruwa. Abin da ake yi shi ne a yawaita shayar da shi, a kuma tsayar da mota a yi hakan, ita uwar ta riƙa shan ruwa sosai. Idan madarar gwangwani jariri yake sha, a ɗauki garin daban da tafasasshen ruwa a filas, a haɗa lokacin da za a ba shi. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a dama garin da ruwan da zafinsa bai gaza digiri 70 a ma'aunin Selshiyos ba, a bari ya huce, a kuma zubar da abin da ya wuce sa'a biyu ba a sha ba.

Ruwan sha a taho da shi daga gida, ya wuce abin da ake zaton za a sha. Idan dole ta sa a saya a hanya, a duba lambar NAFDAC, a wanke bakin leda ko kwalba kafin a miƙa wa yaro. Hana yara ruwa domin kada su nemi fitsari kuskure ne mai haɗari, musamman daga Maris zuwa Mayu lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri. Alamomin ƙarancin ruwa a jikin yaro su ne bushewar baki, da raguwar fitsari, da kuka ba hawaye, da zurmawar ido, da faɗawar maɗiga ga jariri.

Guzurin da ya fi dacewa shi ne busasshe wanda ba ya saurin lalacewa: dambun nama, da soyayyen naman da ya bushe sosai, da cincin, da biskit, da burodi, da gurasa. Ayaba da lemo suna da ɓawon da ke kare su daga ƙazanta. Dafaffen abinci kuwa, irin su shinkafa da taliya da alale, ƙa'idar lafiya ita ce kada ya wuce sa'a biyu a ajiye ba a cikin sanyi ba, ba kuma da zafinsa ba. Don haka a zuba shi a kula mai riƙe zafi, a ci a zangon farko. Fura da nono da kunun aya da zoɓo suna saurin juyawa a mota mai zafi, gara a ɗauki garin kunu a dama da ruwan filas idan an tsaya.

Gyaɗa da aya da alawa mai tauri da dabino mai ƙwallo suna iya shaƙe yaro ɗan ƙasa da shekara biyar, balle mota na tsalle a ramuka. A ajiye su sai an sauka. Yankakkiyar kankana ko gwanda da aka daɗe da fere wa a bakin hanya, da abincin da ƙuda ke bi, su ne kan mayar da hutun Sallah jinyar gudawa.

Akwatin magani

Hausawa na cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ƙaramin akwatin magani ya ƙunshi farasitamol na yara da cokalin awonsa, da ma'aunin zafin jiki, da filasta, da bandeji, da auduga, da maganin wanke rauni, da almakashi ƙarami. Adadin farasitamol yana bin nauyi da shekarun yaro, don haka a tambayi likita ko mai ilimin haɗa magunguna tun kafin ranar tafiya, a rubuta a jikin kwalbar. Ba a ba yara asfirin.

Abu mafi muhimmanci a akwatin shi ne garin ORS da ƙwayar zink. Ana narka ƙunshin ORS a adadin tsabtataccen ruwan da aka rubuta a jikinsa, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan da zarar gudawa ta fara. Idan babu shi, ana haɗa ƙaramin cokali shida na sukari, a shafe ba a tula ba, da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa. Zink kuwa miligiram 20 ne a rana ga wanda ya haura wata shida, miligiram 10 ga wanda bai kai ba, na tsawon kwana 10 zuwa 14. Yaron da ya kasa shan komai, ko yake amayar da duk abin da ya sha, ko ya yi jijjiga, ko jikinsa ya saki, a nufi asibiti mafi kusa da shi, ba a jira sai an isa gida.

Yara masu larura ta dindindin suna buƙatar tanadi na daban. Mai asma, abin shaƙarsa ya kasance a jakar hannu, musamman a lokacin ƙurar hunturu. Mai sikila kuwa, ƙishirwa da sanyi da gajiya suna iya tayar masa da ciwo, don haka a wadata shi da ruwa da rigar sanyi, a rage ƙarfin na'urar sanyaya mota, a kuma ɗauki maganinsa da katin asibitinsa. Katin rigakafin kowane yaro shi ma ya bi iyali. Magani ba ya zama a gaban gilashi ko a but inda zafi ke lalata shi, ba kuma a inda hannun yaro zai kai ba.

Wasu kan ɗura wa yara maganin tari ko na mura domin su yi barci a huta da rigimarsu. Wannan yana iya danne numfashin ƙaramin yaro, yana kuma ɓoye alamar rashin lafiya idan ta taso.

Amai da jiri a mota

Wannan matsala ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 12. Tana faruwa ne idan kunnen ciki ya ji jiki na motsi alhali ido na kallon abin da ke tsaye, kamar waya ko littafi. Abin da ke rage ta shi ne a ba yaro abinci mara maiƙo kaɗan kafin a tashi, a zaunar da shi inda zai hangi hanya ta gaba, a bar iska ta riƙa shiga, a guji turare mai ƙarfi a cikin mota. Leda da tawul su kasance kusa da shi tun daga farko.

Tufafi da yanayi

Tafiya ɗaya tana iya ratsa yanayi biyu. Wanda ya baro Legas a watan Disamba cikin gumi zai tarar da sanyin hunturu a Zariya ko Jos da asuba. A hunturu a tanadi rigar sanyi da hula da safa, da man kaɗanya ko basilin domin fasuwar leɓe da fata. A bazara a sa wa yara tufafin auduga masu sakin jiki. A damina a rufe kayan da ke saman mota da tamfol, a sa tufafi a leda kafin a zuba a jaka. Sababbin kayan Sallah da takalman da ba a saba da su ba su zauna a akwati, yaro ya yi tafiya da tsohuwar rigar da ba a jin ɓacinta.

Ko wane yanayi ne, ba a barin yaro shi kaɗai a mota a kulle, ko da na shiga masallaci ne ko sayen mai. Zafin cikin mota yana iya ƙaruwa da kusan digiri 10 cikin minti 10, kuma jikin yaro yana ɗumama ninki uku zuwa biyar fiye da na babba. Ɗan sassauta gilashi ba ya hana wannan.

Lodin mota da kayan aikinta

Kowace mota tana da iyakar nauyin da za ta ɗauka, kuma galibi an rubuta shi a wata takarda da ke manne a jikin ƙofar direba tare da adadin iskar taya. Lodin da ya wuce kima yana tsawaita nisan da mota ke ci kafin birki ya tsayar da ita, yana zafafa taya har ta fashe, laifi ne kuma da FRSC ke cin tara a kansa. Kaya masu nauyi a ƙasan but ake sa su, a matsa su jikin kujerar baya, marasa nauyi su hau sama. Kayan da aka tula a rufin mota suna sa ta tangaɗi a kwana. Kada a ajiye filas ko kwalba ko wani abu mai tauri a kan allon da ke bayan kawunan yara, domin birki ɗaya zai mayar da shi jifa.

Jarkar fetur da tukunyar gas da janareta mai mai a ciki ba sa tafiya mota ɗaya da yara. Tururin fetur yana sa jiri da amai, ga haɗarin gobara. Rago da kaji da buhunan tsaraba, idan sun yi yawa, a ba motar kaya.

Kayan aikin mota su kasance a inda za a ciro su ba sai an sauke komai ba: safaya mai iska, da jak, da sifanar kwance taya, da alamar gargaɗi mai kusurwa uku, da gwangwanin kashe gobara wanda wa'adinsa bai ƙare ba. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta. Misali 2423 na nufin mako na 24 na shekarar 2023, kuma FRSC na ɗaukar tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa a matsayin wadda wa'adinta ya cika. Mako guda kafin tafiya a kai mota wajen makaniki ya duba birki da fitilu da ruwan lagireto da baƙin mai da abin share gilashi, domin a samu kwanakin gwada gyaran a cikin gari.

Takardu da kuɗi da waya

Lasisin tuƙi da takardun mota da inshora da shaidar ingancin mota su zauna a jaka ɗaya kusa da direba, saboda shingayen bincike. Masu tsallaka iyaka zuwa Maraɗi ko Damagaram su haɗa da takardar shaidar kowane yaro da katin rigakafin cutar shawara. A riƙe tsabar kuɗi, har da canji, a raba su wuri biyu, domin akwai dogayen wurare a hanya da sabis ke ɗaukewa, tura kuɗi ta waya ya gagara. A caja wayoyi, a ɗauki caja ta mota da batirin ajiya. Lambar gaggawa ta FRSC ita ce 122, ta ƙasa baki ɗaya kuma 112. Yaron da ya iya tafiya a sa masa takarda a aljihu mai ɗauke da sunan mahaifinsa da lambar waya, saboda cunkoson tasha da wuraren cin abinci.

Lokacin tashi da zango

A loda manyan kaya tun daren jajibiri, a bar abinci da ruwa da magani sai safiya, direba kuma ya samu cikakken barci. Tashi bayan asuba da gari ya fara wayewa yana ba da damar cin nisa kafin rana ta take, yara na barci, a kuma isa kafin magariba. Tafiyar dare da yara ba ta da riba, ga matsalar tsaro a wasu hanyoyi, ga manyan motocin da ke lalacewa a kan titi ba alama. A tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki kwana ɗaya kafin a tashi, a sanar da wani ɗan uwa hanyar da za a bi da lokacin da ake sa ran isa.

FRSC na shawartar direba ya huta na minti 15 bayan kowace sa'a huɗu ta tuƙi, kuma iyakar gudun ƙaramar mota ta gida a babban titi mai hannu biyu kilomita 100 ne a sa'a. Mai ɗauke da ƙananan yara ya fi dacewa ya tsaya duk bayan sa'a biyu, domin jariri bai kamata ya daɗe fiye da haka a kujerarsa ba a ɗauke shi ba. A zaɓi gidan mai ko masallaci a cikin gari, a fitar da yara ta ƙofar da ba ta kallon titi, a ƙirga su kafin a sake tashi.

Abin da zai ɗebe wa yara kewa ba ya buƙatar fili mai yawa: 'yar tsana mai laushi, da allon zane ƙarami, da karatu ko waƙoƙin yara da aka sauke a waya tun a gida domin a saurara. Tatsuniya da kacici-kacici ba sa cin wuri ko kaɗan. Hanyar ma kanta abin kallo ce. Yaron da aka nuna wa Dutsen Zuma a kusa da Suleja, ko aka ce ya leƙa Kogin Kwara daga kan gadar Jebba, ko aka sa shi ƙirga garuruwan da suka rage tsakanin Zariya da Kano, yakan rage tambayar ko an kusa isa, ya kuma sauka da labarin da zai ba kakanninsa.